Muhawara: masu sharhi sun zalunci Linkin Park?

Ɗan Fagge: Jama'a, tun jiya raina a ɓace yake. A majalisarmu aka kunna bidiyon wasan da mawaƙan rock ɗin nan na Amurka, Linkin Park, suka yi a Munich kafin wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2025, sai wani ya ce wai waɗannan ai sun daɗe da ƙarewa. Mutanen da Hybrid Theory ɗinsu ya fi kowane kundi ciniki a Amurka a 2001, waɗanda sau shida suna hawa na ɗaya a jadawalin kundayen waƙa na Amurka, Billboard 200, su ne suka ƙare? Ba laifinsa ba ne, laifin masu sharhi ne. Kundinsu One More Light ya fito a watan Mayun 2017 suka yi masa kaca-kaca, da mawaƙinsu Chester Bennington ya mutu ranar 20 ga Yuli sai ga yabo ta ko'ina. Munafukai ne kawai.

Malamin Firamare: Ƙanina, ka janye kalmar nan. Ka san nauyin munafunci kuwa? Wanda ya ce waƙa ba ta yi masa ba, daga baya ya yi jimamin mutuwar mai ita, ina munafuncin yake?

Ɗan Fagge: Malam, da girmanka, to wane suna za a ba mai baki biyu?

Malamin Firamare: Bakin ɗaya ne. Da farko a kan kiɗa ya yi magana, na biyu a kan mutum.

'Yar Tudun Wada: Ni dai na fahimci Yaya Ɗan Fagge. Waƙar da aka sa wa kundin sunanta, ta makoki ce tun asali. Chester ya rera ta a talabijin don abokinsa Chris Cornell da ya mutu kwana ɗaya kafin fitowar kundin. Babu wanda ya tsaya ya saurari baitocin sai da mai su ya tafi. In ba munafunci ba ne, to rashin kunne ne.

Na Damagaram: To kin gani, rashin kunne daban, munafunci daban. Kin goyi bayan Malam ke nan ba ki sani ba.

'Yar Tudun Wada: Ban goyi bayansa ba. Kada ka sa mini magana a baki.

Mai Gyaran Waya: Ku bar kalma ku faɗi gaskiya. Kundin nan ba rock ba ne, pop ne. Ina jitar take a cikin waƙarsa Heavy? Masu sharhi sun ba shi ƙasa da 50 cikin 100 a Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi, kuma ba su kaɗai suka ƙi shi ba. A bikin Hellfest na Faransa masoya rock ne da kansu suka yi musu ihu har da jifa. Su ma munafukan ne?

Ɗan Fagge: Amma ya hau na ɗaya ko bai hau ba?

Mai Gyaran Waya: Suna ne ya kai shi. Kundinsu Meteora ya sayar da kwafi wajen 810,000 a makon farko a 2003. Shi ne ciniki. Kuma shidan da kake ƙirgawa har da Collision Course, wanda rabinsa na mawaƙin rap Jay-Z ne. Biyar ne nasu.

'Yar Tudun Wada: Kiɗan waye aka ɗora rap ɗin a kai? Kyautar Grammy ta waƙar Numb/Encore da ke kundin tare suka karɓa, don haka shida ne.

Na Damagaram: Ni tun da aka ambaci Munich hankalina ya tafi. Daren nan wa ya damu da mawaƙa? PSG ta lallasa Inter 5-0.

Ɗan Inter: Me ya kawo wannan a nan? Kullum sai ka nemi hanyar tsokanata. Mu sau uku muka ɗauki kofin nan, na ƙarshe a 2010. Sau nawa kuka ɗauka kafin ranar?

Na Damagaram: Biyar ba ko ɗaya, ɗan'uwa. Tarihi bai rama muku ko ɗaya ba.

Malamin Firamare: Har yanzu ba a janye kalmar ba.

Ɗan Fagge: Ba zan janye ba, Malam. In kana so in ce "masu fuska biyu".

Malamin Firamare: Ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Mai Gyaran Waya: Kuma mutumin majalisarku bai yi ƙarya ba. Wadda ta rera a Munich sabuwar mawaƙiyarsu Emily Armstrong ce. Linkin Park da muka sani ta tafi da Chester.

'Yar Tudun Wada: Don mace ce kake faɗin haka. Kundin da suka yi da ita, From Zero, ya hau na ɗaya a Birtaniya a 2024, na biyu a Amurka. Mike Shinoda da aka kafa ƙungiyar da shi yana nan daram.

Mai Gyaran Waya: Ban ce don mace ce ba, ki ji tsoron Allah.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: an yarda cewa daga kundin Minutes to Midnight na 2007 suka fara barin hanya, kuma Hybrid Theory da Meteora su ne Linkin Park ta gaskiya. Masu sharhi sun yi daidai a kan One More Light. Ɗan Fagge ya yi kuskuren lafazi, ya nemi afuwar Malam. Masu ƙwallo ku koma zaurenku.

'Yar Tudun Wada: Ranka ya daɗe, wa ya ambaci Minutes to Midnight a cikinmu? Kuma da wa aka yarda?