Neman kalma: me za mu kira helikoyil da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa da makanikai, musamman na nan Zariya, akan wata kalma da ta hana ni sakat tun ranar Asabar, wato helikoyil, wata ƴar waya da ake gyara ramin bol da ita in ya daina kamawa.

Ga yadda aka yi. Fijo 504 ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce, irin wanda kamfanin PAN ya fara fitarwa a 1975, ta fi shekara 10 a ajiye ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, bana na ce in sha Allahu sai ta tashi. Muka sauke inji a garejin wani dattijo a Sabon Gari wanda tun yana yaro Fijo yake yi, aka wanke komai aka sa sabon ring da gasket, muna cikin haɗawa yaron shago ya zo ɗaure bol ɗin manifol a jikin top, wato kan inji, yana ɗaurewa yana ɗaurewa sai kawai sifana ta saki a hannunsa, bol na juyawa amma ba ya kamawa. Da aka zaro shi sai ga wani siririn alminiyam ya naɗe a jikinsa, sak ɓawon lemon da mai talla ya fere.

Baba, wato dattijon mai garejin, ya karɓa ya duba ya ce min, "Ɗana, haƙorin ramin ne ya tafi."

Ku lura, bai ce tiredi ba. Yaran suna cewa tiredi ya cinye, shi kuwa haƙori yake cewa, kuma duk wanda ke wajen ya gane. To wannan an gama da ita, muna da ita tun tuni.

Dalilin tafiyarsa ba ɓoyayye ba ne. Top ɗin 504 alminiyam ne, bol kuwa ƙarfe, in aka yi kokawa mai laushin ne zai sha ƙasa. Ga zafi da sanyi na shekara da shekaru, ga al'adar nan ta zura fayif a sifana don a ƙara ƙarfi maimakon a yi amfani da sifana mai awo. Bol ɗin da muke ce wa na 13 saboda lambar sifanarsa, kaurinsa milimita 8 ne kawai fa, ba ya son wannan ƙarfin.

Na san abin da aka saba yi, a naɗa wayar wuta ko zare a jikin bol, ko a cusa gam, ko a danna babban bol da ƙarfin tsiya. Baba ya ce ba a motar amininsa ba. Ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara ya ɗauko wata ƴar waya a murɗe kamar sifirin, ya ce wannan shi ne helikoyil. Asali sunan kamfani ne, Heli-Coil, ya bi kayan kamar yadda Omo ya bi garin wanki. Wayar sitenles ce, kuma in ka kalle ta da kyau ba zagayayya ba ce, tana da kaifi ciki da waje, na wajen ya kama jikin rami, na cikin ya zama sabon haƙorin da bol zai bi.

Na tsaya a kansa har ya gama. Ya faɗaɗa ramin da diril mai 8.3, a miƙe, yana ce wa yaron ya duba ta gefe kar ya karkace. Ya shafa man giris a tap, wato ƙarfen yanka haƙori da ke zuwa da kayan, don garin alminiyam ya manne, ya juya gaba kaɗan ya dawo baya kaɗan har ya yanka sabon hanya. Ya hure ramin, ya murɗa wayar ta shige ta ɗan nutse ƙasa da baki, sannan ya sa siririn ƙarfe ya buga ya karya ƴar wutsiyar da ke ƙasa ya zaro ta. Bol na asali ya koma ramin sa ya kama cif.

To me za mu kira wannan waya? Don na gaji da jin yara suna cewa elikoyil, alikwal, wani ma koyil kawai yake cewa, mai shago ya miƙo masa koyil na wuta.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku, na gode ƙwarai.

Masu cewa sifirin, ban yarda ba. Kama ce kawai, sifirin aikinsa lotsawa da dawowa, wannan kuwa in ya zauna ya zauna. Zobe ma a'a, zai rikice da ring na fistin. Wani ɗan uwa daga Kwangila ya ce bushin, amma bushin ai shi ne dunƙulallen nan da masu tana, wato masu injin fiƙe ƙarfe, ke yankawa mai haƙori ciki da waje, gyara ne mai kyau shi ma amma wani abu ne daban, a bar masa sunansa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne haƙorin Makka da wata hajiya ta kawo. Hajiya wallahi na so shi, yana da daɗi a baki kuma ba mai mantawa. Amma da na yi tunani, haƙorin Makka akan lafiyayyen haƙori ake ɗora shi don ado. Nan kuwa sai an share ragowar tsohon gaba ɗaya kafin a sa sabo, kuma in an ɗaure ba mai sake ganinsa.

Sai wani malami daga Samaru ya rubuto kalma ɗaya, dashe. Malam Allah ya ƙara basira. Wanda ya taɓa dashen albasa ko tumatir a fadama ya san sai ka gyara rami tukuna, ka kawo abu daga wani waje ka zaunar da shi ya kama. A asibiti ma dashen ƙoda ake cewa. Ni dai a nan na tsaya: aikin sunansa dashen haƙori, ita wayar kuma haƙorin dashe.

Ɗazu da la'asar na koma gareji na gwada a kan Baba ba tare da na yi masa bayani ba. Na ce, "Baba, akwai sauran ramin da ke son dashen haƙori?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce akwai ɗaya a wajen filogi na uku da bai yarda da shi ba, amma wancan mai kaurin milimita 14 ne, babu a gwangwaninsa, sai an aika Panteka gobe.