Neman taimako: Allis ko Babcock wajen kama hanji?

Assalamu alaikum, magabatana a aikin ɗakin tiyata. Ɗaliba ce ni, ina koyon miƙa wa likita kayan aiki, kuma wani abu ya shige mini duhu.

Almakashi dai na gane su. Mayo kakkaura ne, na yanka zare da nama mai tauri. Metzenbaum siriri ne, na raba nama mai laushi, ba a yanka zare da shi don kada ya dakushe.

Hantsukan kama nama ne suka ɗaure mini kai. Babcock bakinsa mai faɗi ne da rami a tsakiya, ba haƙora, shi ya sa aka koya mana cewa da shi ake riƙe hanji. Allis kuwa ƙananan haƙora ne jere a bakinsa, yana iya ji wa nama rauni. To, sai na ga an kama hanji da Allis. Don za a yanke wurin a cire ne, ko akwai wata ƙa'idar daban?

Sannan Kelly da Crile, hantsukan da ake matse jijiyar jini da su: zanen bakin Kelly a rabi yake tsayawa, na Crile har ƙarshe. Idan suna rufe a kan tire, likita ya miƙo hannu, yaya kuke bambance su da sauri?