Neman kalma: me za mu kira "hailait" na gashi?

Mai Shirin Mata: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri a kan mata masu yi wa kansu hailait a gida, wato a ware gashi sili-sili a sa ya fi sauran haske, a bar ragowar kai yadda yake. Na gama rubutu, kalmar ce kawai ta tsaya min a wuya. Don Allah a taimaka kafin dare.

Ɗaliba: Rinin gashi mana, Anti. Meye abin wahala?

Mai Salun: A'a ƙanwata. Rini ɗora launi ne, wannan kuwa cire shi ake yi. Hodar bilicin ake kwaɓawa da ruwan ferokzayid, su cinye baƙin da ke cikin gashin. Shi ya sa baƙin gashi ba ya zama fari kai tsaye: sai ya yi ja, ya koma ruwan goro, sannan ruwan ɗorawa. Masu yi a gida yawanci a ruwan goron suke tsorata su wanke, washegari ka gan su da ɗankwali har gira. In kika ce rini, wata za ta sayo dayis ta shafe kai gaba ɗaya.

Malam Nahawu: To "koɗar da gashi". Daga koɗe, kamar yadda atamfa ke koɗewa.

Mai Salun: Malam, wace mace ce za ta zauna a ce za a koɗar mata da gashi? Kuma bai nuna cewa wani sashe kawai ake yi wa ba.

Ɗaliba: Ratsi fa? Ratsin gashi.

Mai Kishin Harshe: Duk ku dakata. Na daɗe da ƙirƙiro wannan: silhaske. Sili da haske. Gajeriya ce, tana da jam'i, silhaskoki, har aikatau za a iya ciro mata. Hajiya ki sa ta a shirinki, cikin wata guda ta bi gari.

Malam Nahawu: Hausa ba ta guntule kalmomi biyu ta manne su haka. Harɗaɗɗen suna muke yi, irin su farar-hula da ɗan-sanda, kowace kalma da cikar ta. "Hasken sili" da ka ce, da na saurare ka.

Mai Kishin Harshe: Abin da ya hana mu ci gaba ke nan. Bature ya haɗa kalma ku karɓa hannu bibbiyu, Bahaushe ya haɗa ku ce nahawu. Kun fi son hailait saboda a ce kun waye.

Ɗan Gidan Rediyo: Yallaɓai, da mota ka zo aiki ko da "ƙarfe mai tafiya"? Littafi da alƙalami ma aro ne daga Larabci, ba wanda ya ce Hausa ta mutu. Su Turawan da kake magana, ai daga Faransanci suka ari "balayaj", salon da ake shafa hodar da buroshi ba tare da naɗe gashin a takardar alminiyam ba. Asalin ma'anarta "sharewa" ce kawai, kuma ba su ji kunya ba.

Mai Kishin Harshe: Larabci daban, Turanci daban.

Ɗan Gidan Rediyo: Ta ina?

Mai Shirin Mata: Jama'a, shirina gobe ne fa.

Mai Salun: Hajiya, ni dai duk sunan da kika zaɓa, ki faɗa musu waɗannan. Ruwan ferokzayid lamba-lamba ne: 10, 20, 30, 40. Lamba 20 kashi 6 cikin ɗari ne, 40 kuwa kashi 12, kuma ita ce masu gaggawa ke ɗauka ta ƙone musu fatar kai. Wadda ta sa man miƙar da gashi kwanan nan kada ta kusanci bilicin, gashin zai riƙa miƙewa kamar roba in ya jiƙe, ya tsinke a hannu. Haka wadda ta taɓa sa baƙin rini irin mai sinadarin ƙarfe a ciki, yana iya ɗaukar zafi. A fara gwadawa a ɗan sili na ƙeya. Abin da za a ɗora daga baya don kashe ɗorawar, mai launin shunayya, a shafa kaɗan a bayan kunne a jira awa 48 tukuna. Kuma ƙeya ba ta yiwuwa mutum shi kaɗai, ko da madubi biyu. Hular nan mai huda-huda da ake zaƙulo gashi da ƙugiya ta fi takardar alminiyam sauƙi, amma a gajeren gashi.

Malam Nahawu: Na koma kan ratsi. Yarinyar nan ta fi mu gaskiya. Ratsi launi ne da ya keta wani launi, kuma ga riba: in mai haske ne a ce farin ratsi, in wanda ya fi gashin duhu ne a ce baƙin ratsi. Kalma ɗaya ta ɗauki biyu.

Ɗaliba: Na gode Malam, tun ɗazu na faɗa ba wanda ya kula ni.

Mai Salun: Ratsi ya yi a wanda aka yi shi layi-layi. Balayaj ɗin nan kuwa narkewa yake cikin gashi, ba ka ganin inda ya fara. Wannan ba ratsi ba ne. Kuma farin ratsi, wata za ta ɗauka furfura ake nufi.

Mai Kishin Harshe: Silhaske ba ta da wannan matsalar.

Mai Shirin Mata: To ga abin da zan yi. A buɗe shiri zan ce "ratsin gashi, wanda ake kira hailait a salun", daga nan in ci gaba da ratsi. Balayaj zan bar shi da sunansa in yi bayani. Malam Mai Kishi, ka yi haƙuri, in na ce silhaske sai na ɓata minti biyu ina fassara Hausa da Hausa.

Mai Kishin Harshe: Ba komai. Ni dai na rubuta ta da kwanan wata.

Mai Salun: Ratsin dai bai kwanta min ba, amma je ki da shi. Kar ki manta da safar hannu, kuma a buɗe taga, warin hodar nan yana shaƙe mutum.