Ƙaramin jirgin yaƙi na farautar 'yan fashin teku a gaɓar Sin: shawarwarin da aka tattara

An tattauna ne kan tambayar irin ƙaramin jirgin yaƙin da ya fi dacewa da farautar 'yan fashin teku a gaɓar Sin a zamanin jiragen da ke aiki da kwal. Abin da masu tattaunawar suka fi nanatawa shi ne zurfin da jirgin zai nutse a ruwa. A wancan zamani 'yan fashin kudancin Sin suna ɓuya ne a rafuka da mashigun Kogin Pearl, inda babban jirgi zai kafe a yashi. Don haka aka ba da misali da jiragen da kamfanin Yarrow ya ƙera wa sojan ruwan Ingila, irin su Moorhen na 1901: gindi a shimfiɗe, farfela a cikin rami ƙarƙashin jirgi don kada ta daki ƙasa. A gunduwa-gunduwa aka kawo Moorhen, aka harhaɗa shi a Hong Kong.

Makami kuwa, igwa ƙarama ɗaya ko biyu da bindigogin Maxim masu sarrafa kansu sun isa, tunda kwale-kwalen katako za a bi. Sulken ƙarfe mara kauri a ɗakin tuƙi, fitilar haska nesa saboda dare.

An yi saɓani kan gudu. Ni dai na fi karkata ga masu cewa wurin ajiye kwal ya fi muhimmanci, domin sintiri na kwanaki ne. Matsalar shimfiɗaɗɗen gindi kuwa ita ce, da zarar an fita teku, igiyar ruwa tana wujijjiga jirgin sosai.