Neman kalmar Hausa: zanen tsirrai da launin ruwa da na mai

Malama Rabi (Gombe): Assalamu alaikum. Ranar Juma'a ɗalibaina za su baje kolin zanen tsirrai, kuma jibi za a kai takardar bayanin wurin bugawa. Da Hausa ake son ta. Abu uku sun tsaya mini a wuya: watercolour, oil painting, sai kuma abin da tsiro yake wakilta a cikin zane. A taimaka don Allah.

Sani Mai Fenti (Bauchi): Wa'alaikis salam. Ai Malama an daɗe da gama wannan. Fentin ruwa da fentin mai. Haka muke faɗa a kasuwar Wunti.

Malama Rabi: Malam Sani, nan ne matsalar. Duk wanda ya ji fentin ruwa, bokitin nan na shafe bango zai gani a ransa. Su kuwa yaran nan da ɗan buroshi mai bakin allura suke bin jijiyar ganyen zogale ɗaya bayan ɗaya.

Malam Usman (Azare): A duba abin da aka haɗa shi da shi. Garin launi ne ake kwaɓawa da ƙaro, ƙaron nan dai na dakwara da ake tsinta a dazukan Yobe da Borno ana fitarwa Turai. Shi ke riƙe launin a jikin takarda bayan ruwan ya bushe, kamar yadda alaramma ke zuba shi a tawada don kada rubutu ya goge. Shi ya sa yake da garai-garai, farin takardar na lekowa ta ƙarƙashinsa, ya bushe cikin mintuna. Na man kuwa da man linsid ake kwaɓa shi, yana kwanaki bai bushe ba, mai zane ya yi ta gyara yana ɗora launi kan launi. Ni dai na ce launin ƙaro da launin mai.

Alhaji Bappa (Gombe): Launin ƙaro ya yi. Amma "zane" fa? Zanen suna, zanen ɗaurawa, zanen bulala, duk zane ne. Muna da zayyana tun kaka da kakanni. A ce zayyanar tsiro. Fenti kuwa a bar wa Turawa kayansu.

Aishatu (Bauchi): Baba Alhaji, zayyana ado ce ta allon sauka, ba ruwanta da kama da wani abu. Wannan aikin kuwa kamanni ne ransa. Maria Sibylla Merian, Bajamushiya, ta tafi ƙasar Suriname da ke Kudancin Amurka a 1699 ta zana tsirrai tare da ƙwarin da ke cin su, daidai yadda mai bincike zai gane su. Marianne North ta Ingila da launin mai ta yi nata, sama da 800, suna nan a ɗakin da aka buɗe a lambun tsirrai na Kew da ke Landan a 1882. Wa zai kira wannan zayyana?

Alhaji Bappa: 'Yata, ni zan kira. Kalma ai faɗaɗa take yi.

Sani Mai Fenti: Ranka ya daɗe, ita zayyanar ba daga Larabci ta zo ba? Me ya sa aron Larabci ya halatta, namu na kasuwa ya haramta?

Alhaji Bappa: Wanda ya shekara ɗaruruwa a gida ba baƙo ba ne. Ku kuna jiran sai gidan rediyon Kano ya faɗi kalma kafin ku yarda da ita.

Malam Usman: Wannan kam gaskiya ne, kuma yana ci mini rai. Hausar Guddiri ba ta gaza ta kowa ba.

Aishatu: Kano ba ta shigo zancen nan ba, Malam. Jibi fa za a buga takarda.

Malama Rabi: Na gode Aishatu. Saura na ukun. Misali a zanen Kiristocin Turai, farin furen lili kusa da Nana Maryamu tsarki yake nufi, reshen zaitun kuma zaman lafiya. Alama zan ce?

Malam Usman: Alama ta yi faɗi, har ta bakin titi alama ce. Ishara ta fi. Mu ma muna da abin: an kira Sardauna Gamji saboda girma da inuwa, giginya kuwa na nesa ka sha inuwarta, lalle na nuna biki. Isharar tsirrai.

Alhaji Bappa: Ishara na yarda. Zayyana kuma ban janye ba.

Malama Rabi: To ga abin da zan kai: zanen tsirrai da launin ƙaro, zanen tsirrai da launin mai, isharar tsirrai. Baba Alhaji, a yi mini haƙuri, iyayen yara za su fi saurin gane zane.

Sani Mai Fenti: Ki dai rubuta launin ruwa a gefe, don ranar da za ki aiko yaro shago. In ya ce launin ƙaro, wurin masu kayan koli za a tura shi.

Malama Rabi: Zan sa a layin farko kawai.

Alhaji Bappa: Allah Ya ba da sa'a. A bugu na gaba za mu sake zama kan zayyana.