Kayan sassaƙa na tsagewa a Riyad, ina mafita?

Uwargida, Riyad: Salamu alaikum. An kawo mini akushi biyu da kujerar sassaƙa ta Nufawa daga gida, na jera su a falo. Kujerar ta fara tsagewa, ƙarƙashin akushi ɗaya kuma ina ganin wani gari mai laushi kamar fulawa. In shafa musu mai ne?

Kafinta, Riyad: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki shafa man gyaɗa ko na zaitun, zai yi ɗoyi ya riƙa kama ƙura. Bushewar iska ce ke tsaga kujerar. Itace na son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin 100, a Riyad kuwa da zafi yakan sauka ƙasa da 15, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ƙara busarwa. Wajen itacen kan riga cikinsa bushewa, ya tsuke, sai ya dare. Ki ɗauke kujerar daga saitin iskar mukayyif da tagar da rana ke bugawa, ki sa na'urar ƙara danshi a ɗakin. Sannan kakin zuma ɗan kaɗan a tsumma, a murza, bayan minti 20 a goge. Sau biyu a shekara ya isa. Tsagar kuma kada a cusa mata gam mai ƙarfi: in danshi ya dawo itacen zai kumbura, ya rasa wurin motsi, ya fashe ta wani gefen.

Mai kayan gargajiya, Jidda: Hajiya, garin nan ya fi tsagar gaggawa. Ƙwaro ne ke cin itacen daga ciki, duba za ki ga ƙananan ramuka kamar hujin allura. Raba akushin da sauran kayan yau ɗin nan. A ɗaure shi a leda biyu, a matse iskar, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 na Celsius ƙasa da sifili har kwana 7. In an fito da shi a bar shi cikin ledar awa 24, don raɓar ta kwanta a kan leda maimakon itacen. Fesa maganin sauro aikin banza ne, ba ya kai wa tsutsar ƙwaron da ke cikin itacen. Amma ganga mai fata ko abin da aka yi wa fenti ba a sa su a firiza.

Ɗan Omdurman: Ga mai son ƙara sayen kayan sassaƙa, abin da ake sayarwa da sunan abanus, wato baƙin itacen nan, ba duka ne abanus ba. Na gaske yana da nauyi sosai, na jabu baƙin man takalmi aka shafa masa, goga da jiƙaƙƙen farin tsumma zai tona shi. Hauren giwa kuwa a bar shi inda aka gan shi, tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Uwargida, Riyad: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Akushin ya shiga leda.