Me za mu kira "adhesions" da Hausa?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Makon jiya na raka yayata asibiti a nan Jos, za a yi mata tiyatar haihuwa karo na 3. Likita ya ce aikin zai iya jan lokaci saboda "adhesions". Ta juyo ta ce, "Ƙanina, me ya ce?" Ni da nake cika baki da iya fassara sai ga ni ina inda-inda. Da ƙyar na ce, "Yaya, wai kayan cikinki ne suka manne." Ta zaro ido, kai ka ce takardar mutuwa na karanta mata.

2/ Ga abin da ake nufi. Hanji da mahaifa da bangon ciki duk a lulluɓe suke da wani tantani mai santsi, shi ya sa suke zamewa a jikin juna. Idan wuƙa ta taɓa tantanin, ko ya bushe, ko jini ya kwanta a kansa, jiki kan fitar da wani abu mai danƙo don ya rufe ciwon. Kamata ya yi ya narke bayan ya gama aikinsa. In bai narke ba cikin kwana 5 zuwa 7, sai ya zama tabo, ya haɗe abin da Allah bai haɗa ba. Kusan mutum 9 cikin 10 da aka buɗe wa ciki suna samunsa. Yawanci shiru ne, ba ya damun kowa. Amma shi ne kan gaba wajen jawo toshewar ƙaramin hanji, yana kawo ciwon mara mai naci, yana kuma iya naɗe hanyar ƙwai har haihuwa ta gagara.

3/ Na gode da shawarwarinku. "Tabon ciki" ya fi yawa, amma duk macen da ka faɗa wa haka zane za ta ɗaga ta duba wurin ɗinki. "Mannewar hanji" kuma ta bar mahaifa da mafitsara a waje.

4/ Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo "yanar ciki", kuma na daɗe ina juya ta, don wani lokaci sirara ce kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu. Sai dai yanar kunu ana yaye ta da ludayi, wannan kuwa yakan yi kauri kamar igiya har ya shaƙe hanji. Ga shi kuma yanar ido ta riga ta kama kunnen mutane: a cire, a huta. Nan ba haka ba ne, domin tiyatar yanke shi ita ma tana haifar da sabo.

5/ Na bi ta wurin mahaucinmu a Unguwar Rogo. Ya ce, "Malam, ai mun san shi. Ka feɗe saniya ka tarar huhu ya manne da haƙarƙari, sai da wuƙa." Ba shi da suna gare shi, amma bakinsa bai wuce "manne" ba. Nan na tuna yadda aka samo sanƙarau daga sanƙarewa. To me zai hana mannau daga mannewa? Mannau na hanji, mannau na mahaifa. Wani ya ce ya yi kama da mantau. Haka ne, amma ba na jin akwai likitan da zai rikita su.

6/ Dalilin nacina: rigakafinsa a ɗakin tiyata yake, ba a kemis ba, kuma abin da ba shi da suna mara lafiya ba ya iya tambaya a kansa. Tiyatar ƙaramin huji da kyamara ta fi buɗe ciki sauƙin mannau. Sai tausasa hannu, da tsayar da jini sosai, da hana kayan ciki bushewa, da safar hannu marar hoda (Amurka ta haramta mai hoda tun 2017). Akwai kuma wasu siraran shimfiɗu irin Seprafilm da Interceed da ake sawa tsakanin gaɓoɓi su raba su na 'yan kwanakin nan na farko, daga baya su narke. Ragewa suke yi, ba kau da shi ba, ga tsada. Har wankin mahaifa bayan ɓari, in aka kankare da yawa, bangonta kan manne, al'ada ta ragu ko ta ɗauke.

7/ Jiya na gwada kalmar a gida. Yaya, da jaririyarta a cinya, tana gaya wa masu barka, "Mannau ne ya sa na daɗe a tiyata." Babu wadda ta ce mene ne shi. Gwaggo ma cewa ta yi ita ma tana zargin nata, tun aikin afendis ɗinta. Likitocin JUTH (asibitin koyarwa na Jami'ar Jos) da ke nan, ku gwada ta a kan marasa lafiyarku ku faɗa mana in ta zauna.